Taya Ta Zama Guga, Leda Ta Ƙi Zama Komai

Tayar babbar mota takan gama aikinta a kan kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Gure ta nufi Diffa. Idan ta suɗe har direba ya daina yarda da ita, sai ta faɗa hannun mai wuƙa a kasuwa. Ya fere bayanta ya fitar da takalman da makiyaya ke taka ƙaya da su. Ya zare wayar bakinta, a ɗaure darni da ita. Wata kuma a tsaga ta gida biyu, a riƙa zuba wa awaki ruwa a ciki. Robar iskar da ke cikinta ta fi komai daraja: a yanka ta, a ɗinke, a sa mata baki na ƙarfe, ta zama guga. Kakanninmu da gugar fata suka ja ruwa, amma yau idan ka zagaya rijiyoyin ƙasar Gamu, da wuya ka ga gugar da ba daga mota ta fito ba. Ko ƴan ƙyallayen da suka zube a ƙasa wajen yanka ba sa kwana a nan. Masu babur su ɗaure kaya da su, yara su yi danƙon harbin tsuntsu.

Ni malamin makaranta ne, kuma a wannan ƙasa aka yanke mini cibiya. Duk lokacin da darasin tsabtar muhalli ya zo, aka ce in koya wa yara muhimmancin sake amfani da tsofaffin kaya, nakan dubi ƙafafunsu. Rabin ajin silifansu da waya aka ɗinke shi. Jakar littattafansu buhun shinkafa ce da tela ya sa wa hannu. Me zan koya musu? Abin da ya kamata a tattauna a Gamu daban ne: me ya sa mutanen da ba su san zubar da kaya ba suka wayi gari ƙayoyin bayan garinsu sun yi baƙi da leda, kuma a cikin abubuwan da muke maimaitawa, waɗanne ne ke cutar da mu?

A fara da gidan goggona, domin a can na ga yadda abin yake tun asali. Damin hatsi ɗaya idan ya shiga gidan, babu abin da ke fita a banza. An sussuka, ƙaiƙayin ya tafi kwaɓin ƙasar gini. An surfa, dusar ta tumaki ce, ƙasarin kuma na akuya mai shayarwa. Karan da aka bari a gona a kwaso shi, a yi darni, a yi rufi, ragowar ya shiga murhu. Tokar murhun ma tana da aiki uku: a tace ruwanta a zuba a miya ranar da babu kanwa, a goge bayan tukunya da ita, a cuɗa ta da irin wake don kada ƙwari su huda shi kafin shuka. Abin da ya saura, da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, shi ke zuwa juji. Jujin kuma ba ƙarshen hanya ba ne. Da bazara ta kama, sai a loda shi a amalanke a kai gona, ya koma hatsi. A ƙasar rairayi irin tamu, inda damina ba ta wuce wata uku, mai babban juji mai arziki ne.

Ƙwarya idan ta tsage, gyartai ke ɗinke ta. Idan ta fashe gaba ɗaya, a fitar da mara ta kwasar tuwo, sakainar kuma a riƙa kwashe toka da ita. Tulu ya fashe, gindinsa ya zama kaskon ruwan kaji. Zane kuwa, daga na zuwa biki ya koma na zaman gida, ya koma na goyo, ya koma tsumman jariri, ya ƙare a gammo. Goggo takan ce da ni, "Kai ɗan nan, abin da bai ruɓe ba ai bai mutu ba."

Da kayan kanti suka iso, wannan ɗabi'a ta haɗiye yawancinsu ba tare da wahala ba. Gwangwanin tumatir ya zama ma'auni a kasuwa, a ƙarƙashin tiya. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-bal-bal, kafin tocila da fitilar hasken rana su kore ta. Kwalba ta samu aikin man gyaɗa da na fetur a bakin hanya. Buhun taki da na shinkafa, dattawa ke warware zarensa a gindin bishiya suna tufka igiya, wadda ta fi ta kaba jure jiƙa da jan guga. Amma babu wadda ta canja rayuwar ƙauye kamar rawayar jarkar man girki. Ita ta sauke tulu daga kan ƴan mata, ta sauke salka daga bayan jaki. Idan ta huje, a ɗora wuƙa a wuta, a narka guntun roba a liƙe. Idan ta gaji da liƙi, a yanke ta: sama ya zama mazurari, ƙasa ya zama kwanon dusa ko wurin dasa ɗan zogale.

Kada mu yi wa kanmu kirarin da ba namu ba. Ba karatun muhalli ne ya koya mana wannan ba, rashi ne da nisan kasuwa. Wanda sai ya jira ranar kasuwa, ko ya biya kuɗin mota zuwa Gure, kafin ya samu sabon bokiti, dole ya iya liƙe tsoho. Na kuma lura cewa da zarar ɗanmu ya je Libiya ko Legas ya samo ƴan kuɗi, abu na farko da yake koya shi ne jefarwa. Duk da haka, dabarar tana nan a hannun mutane, kuma ƙasashen da suka fi mu kuɗi yanzu suna kashe dukiya don su koyi abin da ya yi kama da ita.

Akwai kuma kayan da ke barin gari. Masu sayen gwangwan sukan zo da sikeli a bayan babur, su sayi tsohon ƙarfe, da fasasshen bokiti, da mataccen silifa, wani lokaci su ba mata sabuwar roba a madadin kuɗi. Roba mai tauri takan bi hanyar Kano, inda masana'antun Sharaɗa da Chalawa ke niƙa irinta su sake zuba buta da bokiti. Alminiyam kuwa, wato gwangwanayen lemo da tsofaffin kwanoni da wasu sassan inji, maƙera ke narka shi su zuba tukwane a cikin ƙasa mai laima. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga wannan sana'a a inda ta fi girma, tare da masu buɗe gangar ƙarfe su ƙera akwati da murhu. Alminiyam yana narkewa a zafi digiri 660, abin da gawayi da zuga-zugi ke iya kaiwa, kuma sake narka tsoho yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata don haƙo sabo a tace. Shi ya sa ba ka ganin gwangwanin lemo yana yawo a titi. Abin da ke da kuɗi ba ya zama shara.

Baƙar leda ba ta da kuɗi. Ba ta da nauyin da sikeli zai ji, ga ta da datti, kuma kuɗin ɗaukar ta daga Gamu zuwa wata masana'anta ya ninka abin da za ta kawo. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, shi ya tsara jakar leda irin ta zamani, kamfanin da yake wa aiki ya yi rajistarta a 1965. Daga man fetur ake yin ta, kuma ƙasa ba ta cin ta. Rana dai takan gasa ta ta farfashe ƙanana, amma ba ta zama taki. To ga inda matsalar take a wurinmu: jujin da muke kai wa gona yanzu cike yake da ita. Ka sa hauya ka ji ta sarƙe. Inda ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa ruwa ba ya ratsawa sosai, saiwa ba ta wucewa.

Dabbobi ne suka fi shan wuya. Da rani, lokacin da babu ko tsinken ciyawa, akuya takan bi ledar da aka ƙulla gishiri ko ƙuli-ƙuli ko mai a ciki, ta haɗiye. Leda ba ta narkewa a tumbi. Sai ta taru ta dunƙule, ta cushe wurin abinci. Dabbar ta riƙa ramewa ga ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen magani yana zargin wata cuta. Wani mahauci a kasuwarmu ya taɓa ɗago mini irin wannan dunƙule daga cikin tunkiya, ya ce, "Malam, dubi abin da na saya da kuɗina. Na ɗauka ciki gare ta." A ƙasar da akuya ita ce asusun mace, ita ce kuɗin magani da na kayan ɗakin ƴa, wannan asara ce ta kai tsaye.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da masana a Amurka suka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 na nan a juji da fili da ruwa. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Mu ma a Nijar muna da doka mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙera irin wannan leda da shigo da ita da sayar da ita da amfani da ita. Dokar na nan a takarda. A kasuwa kuwa, ko maggi na dala biyar ka saya, sai an ƙulla maka a leda, in ka ce a bari a dube ka kamar baƙo.

Akwai ƴan dabaru. Ledar piya wata, idan aka yanke bakinta aka huda gindinta, tana maye gurbin ledar renon itatuwa, kuma a yankin Gure, inda tudun rairayi ke binne gonaki da kwaruruka, ba a rasa buƙatar dashe. Wasu na tufka igiya da baƙar leda, yara na ɗaure ta su yi ƙwallo. Duk wannan yana da kyau, amma bai kai ya cinye abin da ke shigowa a ranar kasuwa ɗaya ba. A ganina maganin leda yana bakin teburin mai kanti, kafin ta shigo gida: kwano don mai, ƙwarya don nono, jakar buhu don cefane, kamar yadda iyayenmu mata ke yi shekaru talatin da suka wuce ba tare da wani ya kira taro ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maimaitawar da ke da guba a ciki, domin a nan ne ɗabi'armu mai kyau ke juyowa ta cije mu. Leda na kama wuta da sauri, don haka da ita ake hura gawayin shayi da murhun safe, mace na durƙushe tana shaƙar hayaƙin, ga goyo a baya. Ana zuba koko da zafinsa a cikinta. Robar maganin fara da ta piya-piya, da ta ƙare sai a ɗauraye a zuba mai ko nono, wani ma ya ba yaro ya tafi kiwo da ruwa a ciki. Wanki ba ya fitar da irin wannan magani duka, domin jikin robar na shan sa. Ƙa'idar ma'aikatan gona ita ce a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan a cikin abin feshi, sannan a huda ta don kada kowa ya yi sha'awarta. Huda lafiyayyar roba yana da ciwo a zuciyar mutumin Gamu, na sani. A huda.

Tukwanen zubi ma suna buƙatar lura. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irinsu a Kamaru ya gano cewa wasu na sakin dalma a cikin abinci, saboda tarkacen da ake haɗawa wajen narkawa. Abu mai tsami ya fi jawo ta, don haka kada a bar kunun tsamiya ko zoɓo ko miyar yakuwa su kwana a ciki. Maƙerin da ya san aikinsa kuma ba ya jefa sassan batir ko abin da bai san asalinsa ba a cikin narki.

Sai batir. Hasken rana ya shigo ƙauyuka, kuma kowane faifai da batirinsa, wanda bayan ƴan shekaru yake mutuwa. A cikinsa akwai dalma da ruwan asid. Mun ji abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Thiaroye, a gefen Dakar ta Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ana fasa tsofaffin batiran mota ana tace ƙasar wurin a cikin unguwa. Babban batir yana da masu saye, to a sayar da shi a rufe yadda yake, kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa inda kaji da yara ke yawo.

Ƙananan batiran tocila da rediyo su ne marasa gata. Mu malamai mun daɗe muna fasa su mu kwaɓa baƙin garin cikinsu mu shafe allon aji, yara kuma na tsotsar murfinsu suna wasa da sandar tsakiya. A makarantarmu yanzu gawayi muke dakawa don allo, batiran kuma muna tara su a wata tsohuwar jarka mai murfi, nesa da rijiya. Ta kusa cika. Na tambayi mai sayen gwangwan ko zai ɗauka, ko da kyauta ne, ya leƙa ciki ya ce, "Malam, wannan ko a Kano ban san mai saye ba."