Motar tseren da ake ƙerawa a gida: Yadda ake tsara mata bodi da abin da doka ke buƙata

A Birtaniya akwai mutanen da kan shafe shekara biyu ko uku a garejin gidajensu suna haɗa mota da hannunsu. Sukan yanka bututun ƙarfe, su yi masa walda har ya zama ƙwarangwal, sannan su ɗauko inji da giya da birki daga wata tsohuwar mota su ɗora. Abin da ke fitowa ƙaramar mota ce mai kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, nauyinta bai cika wuce kilo 600 ba, wato ƙasa da rabin nauyin motar gida irin Toyota Corolla.

Aikin ƙwarangwal yana da zane da ma'auni da mutum zai bi. Inda magina da yawa ke cijewa shi ne wajen yi wa motar sutura, wato bodi. A nan ne ake haɗuwa da matsalar kuɗi da ta iska da ta zafin inji, a nan ne kuma hukuma ke yanke hukunci ko motar za ta hau titi ko za ta ci gaba da zama a gareji.

Asalin wannan mota

A 1957 injiniya Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya fito da motar da ya kira Lotus Seven. Aƙidarsa ita ce rage nauyi ya fi ƙara ƙarfin inji amfani, domin babban inji a miƙaƙƙen titi yake taimako, rashin nauyi kuwa yana taimako a kwana da wajen taka birki ma.

Haraji ya taka rawa wajen yaɗuwar motar. A lokacin gwamnatin Birtaniya tana karɓar harajin saye a kan sabuwar mota, amma motar da aka sayar gunduwa-gunduwa domin mai ita ya haɗa da kansa ba ta biya. Saboda haka Lotus ya riƙa sayar da Seven a warwatse. A 1973, shekarar da Birtaniya ta shiga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai, aka maye gurbin wancan haraji da harajin VAT, rangwamen ya ƙare. A shekarar ce Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera motar, kuma har yau Caterham ke ƙera ta.

A 1996 wani mai suna Ron Champion ya wallafa littafin da ya yi alƙawarin cewa mutum zai iya haɗa irin wannan mota da kuɗin da bai wuce fam 250 ba, ta amfani da bututu mai kusurwa huɗu mai faɗin milimita 25 da kayan tsohuwar Ford Escort. Aka laƙaba wa motar suna Locost, wasa da kalmar da ke nufin araha da kuma sunan Lotus. Kusan kowa kan kashe fiye da wannan kuɗi nesa ba kusa ba, amma littafin ya buɗe ƙofa ga magina a Turai da Amurka da Ostireliya. Da Escort ta yi wuyar samu sai aka koma Ford Sierra, daga baya Mazda MX-5.

Mene ne aikin bodi a motar da ƙwarangwal ke ɗauke da nauyinta?

A motocin da aka saba gani, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai, shi ya sa haɗari mai tsanani kan karkatar da motar baki ɗaya. A irin Seven kuwa bututun ne ke wannan aiki. An jera su ta yadda suke haɗa siffofi masu kusurwa uku, siffar da ba ta murɗewa da sauƙi. Wannan ya sa mai ƙira yana da 'yancin rage bodi iyakar yadda yake so. Kamfanin Ariel da ke yankin Somerset ya kai abin maƙura a motarsa Atom, inda ƙwarangwal ɗin ke waje kowa na gani, bodin kuma 'yan ƙananan marufai ne.

Duk da haka akwai ayyukan da ba makawa sai bodi ya yi. Shi ke tare tsakuwa da ruwan da tayoyi ke watsowa. Shi ke raba direba da zafin inji da tankin mai. Shi ke karkata iska zuwa lagireto. Faranten alminiyon da aka kafe da ribiti a ƙasa da gefen ƙwarangwal kuma sukan ƙara masa tauri.

Alminiyon ko faiba

Lissafin nauyi a bayyane yake. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 da faɗin murabba'in mita ɗaya yana da nauyin kilo 9.4, alminiyon mai wannan girma kuwa kilo 3.2. Shi ya sa gefen motar da bayanta da bonet galibi na alminiyon ne.

Sai dai farantin alminiyon yana da hali irin na takarda. Yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya cikin sauƙi, kamar yadda ake naɗe tabarma. Idan ana son siffa mai kumburi ta kowane ɓangare kamar bayan ƙwarya, sai an miƙe wani sashe an tsuke wani, aikin da ke buƙatar na'ura ta musamman da hannun gwanin bugun bodi. Wannan ne sirrin siffar Seven: yawancin jikinta lanƙwasa ɗaya ce wadda mutum zai iya yi a kan bututu ko gungumen katako. Sassan da ke da kumburi, wato hancin motar da madigadi, tun daga 1960 Lotus ya koma yin su da faiba.

Akwai wani tarko a haɗa alminiyon da ƙarfe. Idan suka taɓa juna kuma danshi ya shiga tsakani, alminiyon ne ke cinyewa. A ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu abin yana sauri, don haka magina kan yi wa ƙwarangwal fenti su sa gam tsakaninsa da farantin kafin su buga ribiti.

Yadda ake fitar da siffa

Wanda ke son bodi na kansa yakan fara da auna abubuwan da ba za su motsu ba: tsayin inji, wurin lagireto, iyakar juyawar tayoyin gaba da hawa da saukarsu, da inda kan direba zai tsaya a ƙarƙashin ƙarfen kariya. Zanen da ya yi kyau a takarda yakan rushe idan aka gano injin zamani ya fi bonet ɗin tsawo da santimita biyar. Saboda haka da yawa kan gwada da kwali a jikin motar kafin su sayi komai.

Bayan nan sai a sassaƙa samfur da katako da soso mai tauri, a shafe shi da bodifila, a goge har ya yi santsi. Duk wani tabo da aka bari a samfur zai fito a kowane sashe da aka zuba daga gare shi. A kan samfurin ake gina mazubi na faiba bayan an shafa kakin da zai hana su mannewa, sannan a cikin mazubin ake shimfiɗa zaren gilashi da ruwan gam a fitar da sashen gaske. Ke nan sau uku ake ƙera abu ɗaya. Idan bakin mazubin ya fi cikinsa ƙunci, sashen ba zai fita ba sai an raba mazubin gida biyu. Tururin gam ɗin da ƙurar gugar kuma suna cutar da huhu, dole a yi aikin a wuri mai iska da takunkumi.

Rigima da iska

Seven tana cikin motocin da suka fi rashin iya ratsa iska. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, motar gida ta zamani tana wajen 0.3, ita kuwa tana kusan 0.7, saboda tayoyi da fitilu a waje da gilashin gaba a tsaye. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin injin da ake buƙata kuma ya ninka takwas. Don haka motar kan tashi da sauri kamar kibiya amma ta gaza a babban gudu.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗagawa. Dogayen madigadin da aka sa wa wasu Seven sukan tara iska a ƙarƙashinsu, gaban motar ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama titi. Shi ya sa da yawa suka fi son gajeren madigadi mai rungume taya yana juyawa tare da ita. Haka nan iskar da ta shiga ta hanci dole ta sami mafita. Idan ba a huda mata tagogi a bonet ko gefe ba, takan taru, lagireto ya kasa sanyaya inji.

Inda hukuma ke shigowa

Kafin motar da aka haɗa a gida ta sami lamba a Birtaniya, sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA, wadda ta maye gurbin wata mai suna SVA a 2009. Hukumar DVSA ke gudanar da ita a Ingila da Sikotilan da Wales. Mai duba motar yana bin jikinta da ƙwallo mai faɗin milimita 100. Duk gefen da ƙwallon ya taɓa, idan ya fito sosai, dole ya kasance an daddaƙe kaifinsa zuwa lanƙwasar da ba ta gaza milimita 2.5 ba. Manufar ita ce kare mai tafiya a ƙasa da mai keke idan motar ta buge su. Fitilun gaba ba za su yi ƙasa da milimita 500 daga titi ba, abin da ke hana mai ƙira kwantar da hancin yadda ransa ke so. Idan an sa gilashin gaba, sai an sa masa waifa da ruwan wanki.

Jarrabawar tana da iyaka. Ba a buga motar da bango kamar yadda ake yi wa samfurin motocin manyan kamfanoni, domin guda ɗaya ce tak. Ba ta da jakar iska, kuma bututu da siririn faranti ne kaɗai tsakanin direba da motar da za ta buge shi ta gefe. Dokar ta fi tsananta wa a kan abin da zai cutar da wasu, ta bar wa mai motar wani kaso na kasadar da ya zaɓa wa kansa.

Siffar ma tana da mai ita. A ƙarshen shekarun 1980 Caterham ya ɗauki matakin shari'a a kan kamfanin Westfield saboda kamannin motarsa da Seven, kuma Westfield ya sauya fasalin tasa. Wanda ya kwaikwayi siffa domin hawan kansa ba kasafai ake bi ta kansa ba, amma da zarar ya fara zuba sassa daga mazubinsa yana sayarwa, maganar haƙƙin mallaka ta taso.

Tarihin wannan mota ya nuna yadda shawarar gwamnati ke shiga har cikin gareji. Rangwamen haraji ne ya sa mutane suka koyi haɗa mota a gida, kuma jarrabawar mota ɗaya-ɗaya ce ta ba su hanyar hawa da ita kan titi bisa doka. A kan wannan hanya ƙananan kamfanoni irin su Caterham da Ariel suka rayu a gefen manyan masana'antu, wasunsu da ma'aikata 'yan ƙalilan, suna sayar da motocinsu har ƙasashen waje.