Wasan da ba ya yiwuwa sai da abokai

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani sabon wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba dara ba ne, ba kuma karta ba ce. Mutum huɗu ko biyar ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ɗaya kuma ya zama jagora mai ba da labari. In ɗan wasa ya ce zai tsallake rami ko zai kara da dodo, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci.

To, littafin dokokin wasan ana samunsa a kanti, amma abokan wasa ba a sayar da su. Zama ɗaya yakan ci awa uku ko huɗu, labari guda kuwa yakan ɗauki watanni. In mutum biyu suka saɓa alkawari, zaman ya watse. Jagora ya fi kowa wuyar samu, domin shi ke shirya labari tun kafin a taru.

Shi kansa wasan neman abokai ne ya haife shi. A 1968 Gygax ya kira taron masu wasannin yaƙi na kan tebur a garin Lake Geneva, cikin jihar Wisconsin, aka sa wa taron suna Gen Con. A zaman 1969 ne ya haɗu da Arneson. Tun 2003 ana yin wannan taro a birnin Indianapolis, inda dubban mutane ke hallara.

A Faransa, mujallar Casus Belli, wadda aka kafa a 1980, ta riƙa buga adireshin ƙungiyoyi, domin matashin da ke zaune shi kaɗai a garinsu ya san inda zai nufa. Kantunan wasanni su ma sun zama mahaɗa: a 2014 kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons ya kafa tsarin Adventurers League, inda baƙo zai shiga kanti ya tarar da tebur a shirye. Dandalin Roll20 na intanet, wanda aka buɗe a 2012, ya ƙara jama'a ƙwarai lokacin annobar korona ta 2020.

Duk da haka, samun mutane daban, riƙe su daban. Shi ya sa gwanaye ke ba da shawarar a fara da gajeren labari na zama ɗaya, a ga halin juna, sa'an nan a tsai da rana, a kuma daidaita kan irin labarin da kowa ke so. Tebur ba ya ɗorewa sai da masu cika alkawari, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.