Malafar da ke cikin uku rigis

Ranar 22 ga Mayu 2024, a birnin Dublin, Ademola Lookman na ƙungiyar Atalanta ya zura wa Bayer Leverkusen ƙwallo uku shi kaɗai a wasan ƙarshe na gasar Europa: a minti na 12, da na 26, da na 75. Ƙungiyar da ta buga wasa 51 a jere ba wanda ya kai ta ƙasa, ɗan Najeriya guda ya karya mata lago, Atalanta ta ɗau kofi. Masu sharhi da Hausa suka ce ya ci uku rigis, magana ta fita fes. Masu yi da Turanci kuwa suka ce hat-trick, kalmar da duk yaron da ke zuwa gidan kallon ƙwallo ya haddace. Amma idan ka fasa ta gida biyu, ba za ka tarar da uku a cikinta ba, ba kuma ƙwallo. Rabin farko malafa ne, rabi na biyu dabo. To me ya haɗa malafa da raga?

Inda hankali ke fara zuwa shi ne wurin masu rufa ido. A Ingila ta ƙarni na 19, mai dabo kan karɓi doguwar malafar wani ɗan kallo, ya nuna wa kowa ba komai a ciki, sannan ya cusa hannu ya zaro zomo. Wannan ya yi bayanin rabin kalmar. Sai dai babu uku a dabon, babu fili, babu abokin karawa.

Mutanen Kanada suna da tasu amsar, kuma suna ji da ita. A Toronto akwai wani mai sayar da huluna, Sammy Taft. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1946 wani ɗan wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara mai suna Alex Kaleta, na ƙungiyar Chicago, ya shiga shagonsa ya ga malafar da ta kwanta masa a rai, amma aljihu bai kai ba. Taft ya yi masa alkawarin in ya ci uku a wasan daren nan, malafa ta zama tasa kyauta. Kaleta ya ci huɗu. Labari ne mai daɗi, ga malafa, ga uku, ga wasa. Abin da ya kayar da shi shekarar ce: kalmar ta girmi 1946 da fiye da shekara tamanin. Taft ya taras da ita ne a bakin mutane, ya yi talla da ita.

Sai a ƙara ja baya. A 1886 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta amince da shawarar N. Lane Jackson cewa duk wanda ya buga wa ƙasa wasa a ba shi hula. Daga nan ne Turawa suke ƙirga wasannin ɗan ƙwallo da huluna, shi ya sa idan suka zo kan Ahmed Musa sukan ce yana da hula sama da 100 a Super Eagles. Nan ma an yi kusa, ba a isa ba. Wannan hular ta shiga fili ce kawai, ko mai tsaron gida da bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba yana samunta. Ga shi kuma sunanta daban, domin Bature ya bambanta ƙaramar hula irin hana-salla da malafa mai baki kewaye.

Abin da ya warware ƙullin shi ne tsofaffin jaridu. Tun a 1865 kalmar ta fito a wata jaridar garin Chelmsford, kuma ba a labarin ƙwallon ƙafa ba, a labarin kurket. Ashe tun farko ba a filin da ya dace ake nema ba.

A kurket, mai jifa yana auna wasu sanduna uku da aka kafa a ƙasa, mai riƙe da katako yana kare su. In ƙwallo ta kayar da sandunan, ko aka cafe ta a sama bayan ya buge ta, an fitar da shi, wani ya shigo. Gwanin mai katako kan yi sa'o'i a tsaye ba a fitar da shi ba. Saboda haka a fitar da mutum uku da jifa uku a jere, ba ko ɗaya a tsakani, abu ne da ɗan wasa kan yi ritaya bai taɓa yi ba. A manyan wasannin ƙasa da ƙasa na kwana biyar, waɗanda aka fara tun 1877 kuma aka buga fiye da 2,000, sau gommai kaɗan aka taɓa ganin haka.

A 1858, a filin Hyde Park na Sheffield, wani mai jifa daga Surrey, H. H. Stephenson, ya yi hakan. Yana buga wa wata tawagar ƙwararru ce da ke yawo gari-gari tana karawa da 'yan gida, su goma sha ɗaya, 'yan gida ashirin da biyu don a ɗan daidaita ƙarfi. Da ya fitar da mutum uku a jere, 'yan kallo suka yi karo-karo, aka saya masa malafa.

A nan ne labarin ya fi taɓa ni. Kurket ta wancan zamani gida biyu ce. Akwai 'ya'yan masu hali da ke wasa don nishaɗi, akwai talakawa irin Stephenson da wasan ne abincinsu, kuma wannan rabuwar ba ta kau a hukumance ba sai 1962. Ƙwararren ɗan wasa a lokacin ma'aikaci ne mai ɗan albashi, yawanci shi ake bar wa wahalar jifa. Idan ya yi abin a zo a gani, jama'a ne ke zura hannu a aljihu, kamar dai yadda ake yi wa ɗan dambe liƙi in ya yi kisa. Malafa kuwa ba ƙaramar kyauta ba ce a ƙasar da namiji mai mutunci ba ya fita kai ba hula. Shi wannan Stephenson ɗin, bayan shekara uku, shi ya jagoranci tawagar Ingila ta farko da ta je wasa Ostareliya.

Saura rabin kalmar, wato dabo. A ganina nan ne masu rufa ido suka dawo cikin zancen. Mutanen da suka saba kallon dabon malafa a dandali, da suka ga mai jifa ya ɓatar da mutum uku cikin ƙiftawar ido har ya samu malafa, sunan yana nan a shirye a bakinsu.

Da kalmar ta tsallaka ƙwallon ƙafa, sai ta yar da sharaɗinta mafi tsauri. Yanzu uku a wasa guda sun wadatar, ko da wasu sun ci a tsakani, ko da ƙungiyarka ta sha kashi. Geoff Hurst ya ci uku a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966 ya ɗaga kofi, Kylian Mbappé ya ci uku a na 2022 amma Ajantina ta tafi da shi. Jamusawa ne suka riƙe tsohon tsaurin: wadda suke kira tsantsa a wurinsu sai an ci ukun a zubi ɗaya, ba ƙwallon kowa a tsakani. Irin ta Sadio Mané ke nan, da ya zuba wa Aston Villa uku cikin minti 2 da daƙiƙa 56 a 2015, yana Southampton.

Kyautar ma ta canza. Ɗan ƙwallon ƙafa yanzu ƙwallon wasan yake tafiya da ita gida, abokan wasansa su sa mata hannu. Wurin da malafar ta rage shi ne filayen ƙanƙara na Amurka da Kanada. Can da zarar ɗan wasan gida ya ci ta uku, 'yan kallo sai su tuɓe hulunansu su yi ta wurgawa cikin fili, dole alƙalin wasa ya dakata har ma'aikata su kwashe su kafin a ci gaba.