Ɓatan dabo: Wa ke da alhakin cigiyar wanda ya ɓata?

Akwai wani gida a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya da nakan leƙa duk lokacin da na je hutun Sallah, kuma har yau ban san irin gaisuwar da ta dace in yi wa uwargidan ba. Maigidan, wanda ɗan'uwa ne na nesa ta wajen mahaifiyata, ɗan kasuwa ne mai abin hannu. Yakan sayi masara da dawa da shinkafa a kasuwannin ƙauye lokacin kaka, ya tara, ya yi lodin manyan motoci zuwa Kudu. Wata rana da sassafe ya ce zai bi sawun wasu kuɗinsa da suka maƙale, ya sallami iyalinsa, ya hau mota. Shi ke nan, ba amo ba labari. Yaran da ya bari suna rarrafe yau sun shiga sakandare. In na ce mata "ya haƙuri", na yi masa ta'aziyya da bakina ke nan; in na ce "ya maigida", kamar na yi mata ba'a. Sai in tsaya a "ya gida, ya yara", mu yi shiru mu biyu.

A matsayina na ɗalibin harshe, wannan shirun ya daɗe yana damuna. Hausa ta raɗa wa kowane hali na aure da rashi suna. Wadda mijinta ya rasu tana takaba, in ta gama ta zama bazawara, wadda aka saka tana idda, yaron da ya rasa uba maraya ne. Amma matar da mijinta ya fita bai dawo ba, ba a ga gawarsa ba, ba a ji ɗuriyarsa ba, ba ta da suna. Shi kansa mutumin sai mun ari kalmar malamai mun ce masa mafƙudi, ko mu ce ya yi ɓatan dabo, wato kamar wani siddabaru ne ya ɗauke shi ba hannun mutane ba. Wannan karin maganar, ya mai karatu, tana wanke kowa daga laifi tun kafin a fara tambaya.

Ba yau ƙasarmu ta fara sanin tafiyar da ba a dawowa ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a tarihin gargajiya ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini da tufafin da fatake ke ɗauka zuwa nesa. Daga wannan yanki na kudancin Kano ayari kan tashi zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar da kan ci watanni. A Bebeji, maƙwabciyar Rano, aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu wannan fatauci. Mutane suna mutuwa a hanya, wasu 'yan fashi su tare su, wasu su yi aure a zango su zauna. Sai dai ayari yana da madugu, kuma madugu yana da wanda zai amsa wa tambaya in ya dawo gida da raguwar mutum. Labari yana dawowa ko da mai shi bai dawo ba. Yau muna da wayar salula da rajistar layuka da shingayen jami'an tsaro a kowace babbar hanya, amma mutum zai ɓata da motarsa a rasa wanda zai ce ga inda aka gan shi ƙarshe.

Ɓatan attajiri kuwa yana da nasa ciwo na daban, domin dukiyar ɗan kasuwar Bahaushe ba a littafi take ba, a ka take, kuma a hannun mutane take. Buhu ɗari wajen dillali, jari wajen yaron gida, bashi wajen abokin ciniki, duk a kan amana da fatar baki. Idan mutum ya rasu, tun a wurin jana'iza ake shelar cewa duk wanda ke bin mamaci, ko mamaci ke binsa, ya zo ya faɗa, kuma tsoron Allah da kunyar gawa sukan sa mutane su fito. Wanda ya ɓata ba a yi masa wannan shela. Abin da na gani a gidan ɗan'uwan nan nawa shi ne masu binsa bashi sun zo tun wata bai zagayo ba, waɗanda yake bi kuwa sun ɗauke ƙafa. Kuɗinsa na banki suna nan ba mai iya taɓawa, domin an ce sai da takardar shaidar mutuwa. Gonaki ba a raba ba, ba a sayar ba. Iyali suna zaune kan dukiya suna cin bashin hatsi.

Wani zai ce ai Shari'a ba ta bar wannan babi ba, kuma gaskiya ne. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kansa. A mazhabar Malikiyya, matar mafƙudi takan kai ƙara gaban hukuma, a sanya mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. Asalin hukuncin daga Sayyidina Umar ne, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Idan babu abin ciyar da ita, tana da damar neman a raba auren tun kafin nan. Dukiyarsa kuwa ba a rabon gadonta sai ya kai shekarun da tsararrakinsa ba su cika wucewa ba, wanda da yawa daga malaman mazhabar suka ƙiyasta da shekara 70 daga haihuwa. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 164, ta ce wanda aka shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji labarinsa ba su ji ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin mamaci. Fatawa aikin malamai ce, ni ba na cikinsu. Abin da ya ja hankalina sharaɗi ɗaya ne da mutane ke tsallakewa: a wajen malamanmu, shekara huɗun nan ba ta fara ƙirguwa sai hukuma ta yi bincike, ta aika inda ake zaton ya nufa, ta gaza. Ashe tun asali an ɗora wa mai mulki nauyin cigiya. Haƙurin da ake ba mace yana zuwa ne bayan hukuma ta sauke nata nauyin.

To, a nan ne gizo ke saƙa, kuma babu misalin da ya fi fito da lamarin fili kamar na Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata. Shi ba attajiri ba ne, malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a Jihar Katsina, kuma sananne wajen sukar masu mulki a kafafen sada zumunta. Cikin daren 2 ga Agusta, 2019, yana shiga gidansa a unguwar Barnawa a Kaduna, wasu mutane suka cim masa, suka tafi da shi a cikin motarsa. Yana da shekara 34. Masu garkuwa da mutane kuɗi suke nema, kuma ba sa jimawa ba su bugo waya ba. A nan ba a ji wannan ba. Hukumar tsaron farin kaya ta ce ba ya hannunta. Ƙungiyar Amnesty International ta yi ta kira shekara bayan shekara. Mahaifiyarsa ta rasu a 2022 ba ta sake sanya shi a ido ba. 'Yan siyasa sun mai da sunansa dutsen jifan juna, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, amma ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba. Idan aka ƙirga daga ranar da aka ɗauke shi, shekara bakwai ta doka tana faɗawa a Agustan 2026. Ina tambaya, da wane ido hukumar da ba ta gaya wa jama'a abin da bincikenta ya gano ba za ta miƙa wa iyali takardar cewa mutuminsu ya mutu?

Kada a ce mana ba a iyawa. Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓata ranar 3 ga Satumba, 2018, a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi. Sojoji suka bi sawun wayarsa zuwa yankin Du a Jos ta Kudu, suka yi ta zuƙe ruwan wani tsohon kududdufin haƙar ma'adinai har aka ciro motarsa a ƙarshen watan, sannan aka gano gawarsa a wata tsohuwar rijiya a ƙarshen Oktoba. Wata biyu ke nan. A Kano ma, yarinyar nan Hanifa Abubakar da aka sace a Disambar 2021, an kama malaminta a Janairun 2022, kotu ta yanke hukunci a Yulin shekarar. Labarai ne masu ɗaci, amma iyalan sun binne nasu, an yi musu ta'aziyya. Bambancin da ke tsakaninsu da sauran shi ne an sami wanda ya ɗauki neman a matsayin aikinsa.

Ban ce duk bincike sai ya kai ga nasara ba. A birnin Toronto na Kanada, wani attajirin gidajen wasan kwaikwayo mai suna Ambrose Small ya sayar da kadarorinsa, aka zuba dala miliyan ɗaya a banki, ya ɓace ranar 2 ga Disamba, 1919, kuma har yau babu wanda ya san makomarsa. Amma 'yan sandan birnin ba su rufe fayil ɗinsa ba sai 1960. Jim Thompson, Ba'amurken da ya shahara da cinikin siliki a Tailan, ya fita shan iska a tsaunukan Malesiya a Maris ɗin 1967. Ɗaruruwan mutane suka bazama daji nemansa, kotu ba ta ayyana mutuwarsa ba sai 1974. An nema an rasa, kuma akwai rubutaccen bayanin inda aka nema.

Mu kuwa ko yawan waɗanda suka ɓata sai baƙi sun ƙirga mana. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce tana da rajistar kusan mutum 22,000 da suka ɓata a Nijeriya, akasari sakamakon rikicin Arewa maso Gabas, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin. Alhali tun 2009 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare mutane daga ɓatarwa da ƙarfi. Shi ɗan'uwan nan nawa ba ya cikin kowane lissafi. An kai rahoto ofishin 'yan sanda, aka rubuta, aka nemi kuɗin man mota, aka ce a je za a neme su. An biya kuɗin sanarwar cigiya a rediyo na 'yan kwanaki, tsakanin cigiyar akuya da ta takardun makaranta. Sauran kuɗin ya ƙare wajen masu duba, wannan ya ce yana gabas, wancan ya ce an kulle masa baki a bakin ruwa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. A buɗe littafi a fadar kowane hakimi, a rubuta sunan duk wanda ya ɓata, da ranar, da inda ya nufa, da wanda ya gan shi ƙarshe. Alƙalin da mace ta kai wa ƙara ya rubuta wa 'yan sanda yana neman rahoton bincike a rubuce, da wa'adi, kamar yadda littattafan da yake hukunci da su suka tanada, ya kuma naɗa amintaccen wakili da zai tattara dukiyar mafƙudi ya ciyar da iyali daga cikinta tun kafin ta watse. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin na Dawanau su ma su ɗauki aikin madugu, su riƙa sanin wanda ya tafi da inda ya sauka.

A Sallar da ta wuce na tarar ana shawara a zauren gidan. Babbar 'yar ta sami miji, kuma an je wajen liman ana tambaya ko ƙanin uba zai iya karɓar walicci alhali ba a ce uban ya mutu ba. Uwar ta aiko daga ciki cewa a ɗaura, amma kada kowa ya ce "marigayi" a wajen addu'a.