Shari'ar Eolas da Muryar Bahaushe a Intanet

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo haruffansu ɗaya, kunne ne ke raba su. Don haka mu masu nazarin harshe ba ma ɗaukar muryar da aka saka cikin shafin intanet a matsayin ado. Wanda ya naɗo maganar dattawan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, inda rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu, yana bukatar ta buɗe a kowace burauza.

Wannan buɗewar kuwa an sha yin shari'a a kanta. A 1999 kamfanin Eolas ya maka Microsoft a kotun Amurka, wai dabarar sarrafa sauti da bidiyo cikin shafi tana ƙarƙashin haƙƙin ƙirƙirar da yake riƙe da shi. A 2003 aka yanke diyyar dala miliyan 521. A 2006 Microsoft ya sauya Internet Explorer, sai mutum ya ƙara dannawa kafin maɓallan su yi aiki. Sun sasanta a 2007, amma sai 2012 wata kotu a Texas ta rushe da'awar, bayan Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago yanar gizo, ya ba da shaida.

Haka MP3: rumbun Wikimedia Commons bai karɓe shi ba sai 2017, da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare. A ganina, sassan Hausa na jami'o'inmu su riƙa adana muryoyin nan a tsarin da ba mai karɓar kuɗin lasisinsa, kamar FLAC ko Ogg.