Ƙungiyoyin Masu Motocin Ƙawa a Ingila da Yadda Suke Kula da Motocinsu

A watan Oktoba na shekarar 1980 aka rufe masana'antar ƙera motoci ta MG da ke garin Abingdon, kudu da birnin Oxford a ƙasar Ingila, bayan ta yi aiki a wurin tun daga 1929. Bisa al'ada, idan masana'anta ta mutu, motocinta sukan bi bayanta sannu a hankali. Kayan gyara su yi ƙaranci, makanikan da suka san su su tsufa, daga ƙarshe a miƙa su ga 'yan gwangwan. Amma ga shi an haura shekara 40 da rufe wannan masana'anta, dubban motocinta kuwa suna nan suna yawo a titunan Birtaniya da Amurka da sauran ƙasashe. Babban abin da ya raya su shi ne ƙungiyoyin da masu su suka kafa. A nan za a duba yadda ake tafiyar da irin wannan ƙungiya a matakin gari, da kuma kulawar da motocin suke bukata.

Abin da ake nufi da motar ƙawa a wannan bayani shi ne ƙaramar mota mai kujeru 2, mai kusa da ƙasa, wadda galibi ake iya naɗe rufinta. Ba a ƙera ta don ɗaukar iyali ko kaya ba, sai don jin daɗin tuƙi. Wadda ta fi shahara a cikin na Abingdon ita ce MGB, wadda aka ƙera fiye da guda 500,000 tsakanin 1962 da 1980, aka kuma fitar da mafi yawansu ƙasashen waje, musamman Amurka. Da ita za a riƙa ba da misali. Sunan MG dai ya koma hannun wani kamfanin ƙasar Sin, SAIC, wanda yake ƙera motocin zamani da shi, sai dai waɗannan ba su ne abin magana a nan ba.

Asalin Ƙungiyar

An kafa MG Car Club a shekarar 1930, bayan wani mai irin motar ya rubuta wasiƙa a wata mujallar motoci yana neman a haɗu. Sakatarenta na farko shi ne John Thornley, wanda daga bisani ya zama babban manajan masana'antar ita kanta. Shekaru da dama kamfanin ne yake ɗauke da nauyin ƙungiyar, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 lokacin da ya janye hannunsa, 'yan ƙungiya suka ci gaba da riƙe ta da kuɗinsu. A lokacin an ɗauki wannan a matsayin koma baya. Amma idan aka yi la'akari da abin da ya faru a 1980, za a ga cewa yayen da aka yi mata da wuri shi ya cece ta, domin da tana jingine da kamfanin da sun faɗi tare. A 1973 kuma aka kafa wata ƙungiyar, MG Owners' Club, wadda ta fi mayar da hankali ga kayan gyara da shawarwarin gyara.

Hedikwatar MG Car Club tana Abingdon, a wani gida da ake kira Kimber House, sunan da aka ɗauko daga Cecil Kimber wanda ya assasa motocin. An kasa 'yan ƙungiyar gida 2. Akwai rassa na yankuna, inda maƙwabta suke haɗuwa ko da motocinsu sun bambanta. Akwai kuma sassa na samfuri, inda duk masu mota iri ɗaya suke tattara bayanai, su adana lambar kowace mota da tarihinta, ko da wani yana Ingila wani yana Ostireliya. Mutum ɗaya yakan kasance cikin duka biyun.

Yadda Ake Tafiyar da Reshe

Ginshiƙin reshe shi ne zaman wata-wata. Akan tsayar da rana guda da wuri guda, galibi wani gidan cin abinci mai faffaɗan filin ajiye motoci, ba a kuma sauya su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Hikimar wannan ita ce, wanda ya yi wata 6 bai zo ba ya san inda zai tarar da jama'a ba tare da ya tambayi kowa ba. A wannan zama ba a cika karanta ajanda ba. Hira ake yi, a buɗe bonet, wani ya saurari ƙarar injin wani ya faɗi abin da yake zato. Ta haka ilimin da a da yake hannun ma'aikatan masana'anta yake ratsawa daga baki zuwa baki.

Sau ɗaya a shekara akan yi babban taro, a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji da mai shirya tafiye-tafiye, ma'aji kuma ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Dukkansu aikin sa kai suke yi. Ko da yake shugaba ne ake gani a gaba, nauyin yana wuyan sakatare da mai shirya tafiye-tafiye. Shi na biyun sai ya bi hanyar da za a bi tun kafin ranar fita, ya auna nisanta, ya lura da gidajen mai da wuraren hutawa, ya rubuta wa kowane direba takardar kwatance. Dalili kuwa shi ne, motoci 20 ko 30 ba su iya tafiya a jere ba tare da fitilar ba da hannu ko mararraba ta raba su ba, direban da ya ga an tsere masa kuma yakan shiga gudun da bai kamata ba. Idan kowa yana da kwatance a hannu, babu mai bin wani.

Wajibi ne a fahimci cewa irin wannan fita ba tsere ba ce. Tsere a kan titin da jama'a suke bi laifi ne a dokar Birtaniya. Wanda yake son gwada gudun motarsa sai ya tafi filin da aka keɓe, irin su Silverstone, a ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar Motorsport UK. Wasu ƙungiyoyin ma sun mallaki nasu filin. Alal misali, ƙungiyar masu motar Bugatti tana da tudun Prescott, inda ake gasar hawan tudu tun 1938. Haka kuma reshe ba ya shirya taron da jama'a za su halarta sai da inshora, wadda galibi uwar ƙungiya take samarwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙananan ƙungiyoyi suke gwammace zama reshe maimakon cin gashin kansu.

Ba a rasa saɓani. Mafi daɗewa shi ne tsakanin masu son a bar mota yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti da irin kusoshi, da masu ganin babu laifi a sa mata birki ko giya na zamani. Daga 1974 aka riƙa sa wa MGB baƙar bamba ta roba, aka kuma ɗaga ta daga ƙasa kaɗan don cika dokokin Amurka, masu tsohon samfuri kuwa suka daɗe suna yi mata kallon ƙasƙanci. Shugaban da ya bar irin wannan raini ya yi tsiro zai wayi gari sababbin shiga sun daina zuwa. Wannan kuwa ba ƙaramin lamari ba ne, domin yawancin 'yan ƙungiyoyin nan dattawa ne, saurayin da zai shigo kuma ba ya iya sayen komai sai samfurin da ya fi araha.

Kula da Motocin

Babban maƙiyin tsohuwar mota a Ingila shi ne tsatsa. Ƙasa ce mai yawan ruwan sama, ga shi kuma a lokacin hunturu akan watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yakan shige lungunan bodi ya kwanta. Ita MGB ba ta da ƙarfen gindi na daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin shi ne ƙashin bayanta. Tun da kuma ba ta da rufin ƙarfe, ƙarfinta ya dogara ne ƙwarai a kan dogayen ƙarafan nan masu rami da ke ƙarƙashin ƙofofi. Su kuwa daga ciki suke ruɓewa, fenti yana ta ƙyalli a waje. Masana sukan duba ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi: idan ta matse daga sama, alama ce motar ta fara lanƙwasa a tsakiya. Saboda haka ne ake gargaɗin mai son saye da kada ya je shi kaɗai, ya tafi da ɗan ƙungiya. Rigakafin shi ne wanke ƙarƙashin mota, da fesa wani irin kaki mai ruwa-ruwa cikin ramukan, da ajiye ta a gareji mai shan iska. Wanda tasa ta riga ta lalace yana da mafita, domin tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodin MGB da ainihin na'urorin da aka yi na farko da su.

Maƙiyi na biyu shi ne zama wuri ɗaya. Mutane da yawa suna zaton ajiye mota adana ta ne, alhali kuwa motar da ba a tuƙawa ta fi saurin lalacewa. Birki yakan cije, batir ya mutu, robobi su bushe su tsattsage. Man birki yana jan danshi daga iska, don haka ake sauya shi duk shekara 2 ko da ba a yi tafiya ba. Baƙin mai ma akan juye shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Taya kan tsufa alhali zanenta bai goge ba, shi ya sa ake karanta lambobi 4 da ke gefenta, waɗanda suke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Akwai kuma ayyukan da direban zamani bai saba da su ba, kamar ɗura giris a gaɓoɓin ƙafafun gaba duk bayan mil 3,000. Samfurin da aka yi kafin 1974 yana da batir 2 masu bolt 6 a ɓoye a bayan kujeru, inda ake yawan mantawa da duba ruwansu.

Injin MGB galibi yana da kafireta 2, kuma sai sun ja iska daidai da juna motar take tafiya lafiya. Tsofaffin hannu sukan daidaita su da guntun tiyo: a sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta, a saurari shewar iskar, a yi ta juya kusa har sautin biyun ya zo ɗaya. Littafi yana iya bayyana wannan, amma ba ya iya koya wa kunne. Sai an tsaya kusa da wanda ya iya.

Shi kansa fetur ya sauya. An ƙera waɗannan injuna ne lokacin da ake zuba darma a fetur, wadda take kare mazaunin bawul daga cinyewa. Da aka hana sayar da irin wannan fetur a Birtaniya daga farkon shekarar 2000 saboda illarsa ga lafiya, sai ya zama dole a sa wa injin mazaunin bawul mai tauri, ko a riƙa ɗiga wani sinadari a tanki. Tarayyar ƙungiyoyin tsofaffin motoci ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1988, ita ta sa aka gwada sinadaran ta bayyana masu amfani. A watan Satumba na 2021 kuma fetur mai itanol har kashi 10 cikin 100 ya zama gama-gari. Itanol yana jan ruwa, yana kuma cin tsofaffin tiyon roba, tiyon fetur da ya tsage a kusa da injin mai zafi kuwa gobara ce. Don haka ƙungiyoyi suke shawartar a sauya tiyo, ko a sayi fetur mai tsada wanda itanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba.

Tun daga watan Mayu na 2018, doka ta ɗauke wa motar da ta haura shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata manyan sauye-sauye ba. Ke nan duk MGB da ta fito daga Abingdon ta shiga wannan rukuni. Sai dai dokar ba ta ɗauke wa mai mota alhakin tabbatar da lafiyarta ba, kuma mai tuƙa mota kullum yakan saba da raunin birkinta har ya daina ji. Shi ya sa rassa da yawa suke roƙon 'ya'yansu su riƙa kai motocin gwajin don radin kansu, wasu kuma su keɓe rana guda a farkon bazara su je gareji tare, a ɗaga motocin ɗaya bayan ɗaya kowa ya leƙa ƙarƙashin tasa.