Kuɗin tsaro ko na raya ƙasa: me ya rage wa matasan Tambuwal da Kebbe?

Tun bayan da wani ɗan sanda ya kashe George Floyd a birnin Minneapolis na Amurka a watan Mayun 2020, matasa a biranen ƙasar suka dage da kiran a rage kuɗin da ake ware wa 'yan sanda, a karkatar da su ga makarantu da asibitoci da gidaje a unguwannin marasa galihu.

Tambayar da suka ta da, wato nawa za a kashe kan tsaro, nawa kuma kan rayuwar jama'a, ta shafi yankuna irin su Tambuwal da Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato. Sai dai a can amsar ta sha bamban.

Inda bambancin yake

A Amurka hukumomin birane ne ke biyan 'yan sandansu, saboda haka matasa kan kai kokensu zauren majalisar birni a lokacin kasafin kuɗi.

A Najeriya kuwa, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ƙaramar hukumar Tambuwal ko ta Kebbe ba ta da wani kasafin 'yan sanda da za ta rage.

Baya ga haka, ƙananan hukumomin biyu na kan iyaka ne: Tambuwal da jihar Kebbi, Kebbe kuma da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙauyukan Kebbe musamman sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga da sace mutane domin neman kuɗin fansa. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa ƙarin jami'an tsaro yake nema.

An ga hakan a zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoban 2020. Ko a kudancin ƙasar, ɗaya daga cikin buƙatu biyar na masu zanga-zangar shi ne a ƙara wa 'yan sanda albashi. A Arewa kuwa, gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta CNG ta fito ne da kiran a kawo ƙarshen kashe-kashe.

Kuɗin da ba a bincikarsu

Inda matsalar take a Najeriya shi ne abin da ake kira kuɗin tsaro, wanda ake ware wa shugaban ƙasa da gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, ba tare da an bi ƙa'idojin binciken da aka saba bi kan sauran kuɗin gwamnati ba.

A wani rahoto da ta fitar a 2018, ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin sun kai dala miliyan 670 a shekara, wato fiye da kashi 70 cikin ɗari na kasafin rundunar 'yan sandan ƙasar a lokacin.

Ɗawainiyar jihohi kuma ƙaruwa take yi. A 2021 gwamnan Sakkwato na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya haramta ayyukan 'yan sa-kai. A 2024 magajinsa, Ahmed Aliyu, ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, kamar yadda Katsina da Zamfara suka yi. Alawus da motoci da baburan rundunar duk daga baitulmalin jiha suke fitowa.

Daga wannan baitulmali ne kuma ake sa ran gina azuzuwa da rijiyoyin burtsatse. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa kusan kashi 91 cikin ɗari na al'ummar Sakkwato na fama da talauci ta fuskoki da dama, adadi mafi yawa a ƙasar.

Masu nazarin rikicin sun daɗe suna danganta shi da rashin ilimi da rashin aikin yi da taƙaddama kan filayen noma da kiwo. Ke nan idan tsaro ya laƙume kuɗin makaranta, an yi maganin ciwon yau, an bar tushensa.

Darasi daga Bagega

Akwai misalin da ke kusa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, wadda ta halaka yara aƙalla 400. Da aikin tsabtace ƙauyen Bagega ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin bin diddigin kuɗi mai suna Follow The Money a 2012.

A watan Janairun 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matsin lamba daga matasan da ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu 'yan majalisa. Abin da suka riƙe shi ne adadin kuɗin da aka yi alkawari, da sunan hukumar da ya kamata ta biya.

Abin da doka ta ba su

Matasan Tambuwal da Kebbe na da makamai biyu da doka ta tanada. Na farko shi ne dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafi gwamnatocin jihohi.

Na biyu shi ne hukuncin ranar 11 ga watan Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da shi ya gamu da tsaiko.

Da waɗannan, ƙungiyar matasa a Dogon Daji ko Kuchi na iya tambayar nawa ya shigo asusun ƙaramar hukumarta a wata, nawa aka cire da sunan tsaro, nawa kuma ya isa asibitin garin.

Hukumomi kan ce bayyana kuɗin tsaro tamkar tona asiri ne ga abokan gaba. Masu fafitikar gaskiya da riƙon amana kuwa na cewa ana iya ɓoye dabarun aiki, amma a bayyana jimillar abin da aka kashe, a kuma bai wa majalisar dokoki da babban mai binciken kuɗi damar dubawa.